Wasiƙa zuwa ga Ummi kan ɗigar fitsari bayan haihuwa

Assalamu alaikum, Ummi. Ya jego, ya mai gidan da yaran, ya zafin Jidda? Mu nan Madina lafiya lau.

Saƙonki ya iso, kuma na ga yadda kika yi ta kewaye-kewaye kafin ki faɗi abin da ke damunki. Wata huɗu da haihuwa, fitsari na zubo miki in kin yi tari ko kin ɗaga jaririn, wani lokaci iska ma ta kufce, har ki ga ɗan ɓaci a wando. Ki sani ciwo ne mai magani, ba ƙazanta ba ce, ba kuma sammu ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne cewa da kika yi kin rage shan ruwa. Daga yau ki daina wannan. Fitsarin da ya yi kauri ya yi ja yana ƙona bangon mafitsara, sai ta riƙa matsewa tun ba ta cika ba, ga taurin bayan gida da zai biyo baya. Mai lafiya na buƙatar lita 1.5 zuwa 2 a yini, ke kuwa mai shayarwa a wannan zafi sai kin ɗara haka. Ki duba launin fitsarin: in ya yi fari-fari, ruwan ya isa. Gahawa da shayi da lemon kwalba mai baƙi su za ki rage, don suna tsokanar mafitsara. Na san a garin nan ba a shiga gida a ƙi karɓar gahawa, to ki tsaya a ɗan kofi ɗaya.

Ɗigar ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa maganin wata ba ya yi wa wata. Akwai wadda ke zuwa da tari, atishawa, dariya ko ɗaukar kaya, wannan raunin tsokar ƙasan ƙugu ne, kuma da alama ita ce taki. Akwai wadda fitsari ke matso mutum farat ɗaya, kafin ya kai banɗaki ya zubo, a nan mafitsara ce ke matsewa ba da izini ba. Akwai wadda mafitsara ba ta juyewa duka sai ta cika ta riƙa tsiyaya, an fi ganinta ga masu ciwon suga da ya daɗe da dattawa maza. Sai yoyon fitsari na doguwar naƙuda, wanda ke zuba dare da rana ba tsayawa saboda huda tsakanin mafitsara da gaba. Shi yawanci aikin tiyata ne ke gyara shi. Don a gane wacce ce, ki ɗauki kwana 3 kina rubuta lokacin da kika sha ruwa da yawansa, lokacin da kika yi fitsari, da abin da kike yi sa'ad da ya zubo. Wannan takarda ta fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Yanzu atisayen ƙarfafa tsokar ƙasan ƙugu, kuma a nan nake so ki natsu. Tsokar nan shimfiɗe take daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindi kamar ragar da ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da dubura, ciki da haihuwa kuma sun saki ragar. Ki kwanta rigingine, gwiwa a tanƙware. Ki matse kamar mai riƙe iska, ki haɗa da gaba kamar mai tsayar da fitsari, sannan ki ja su sama ciki. Ki riƙe kina ƙirga uku, ki saki gaba ɗaya ki huta daidai haka. Duk mako ki ƙara, har ki kai ƙirga goma. Aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a yini, ki bi su da gajerun matsewa goma masu sauri. Ki ɗaura su da Asuba da La'asar da Isha don kada ki manta. Inda mata ke kuskure shi ne su riƙe numfashi, su ɗaure ciki da cinyoyi da ɗuwawu, ko su yi nishi ƙasa maimakon ja sama, wanda ke ƙara ɓata lamarin. Kada kuma ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki atisaye, yana hana mafitsara juyewa sosai. In kin ƙware a kwance, ki koma zaune, sannan tsaye. Duk sa'ad da tari ko atishawa ke tafe, ko za ki sunkuya ki ɗauki yaro, ki riga su matsewa. Ba a yanke hukunci kan atisayen nan sai an yi wata 3 cur ana yi kullum. Wasu kan gaji da wuri su ce ba ya aiki, ke kada ki gaji.

Ki bar shiga banɗaki tun ba ki ji fitsari ba. Sau 6 zuwa 8 a yini shi ne daidai. In kin saba kowace awa, ki ƙara minti 15 a tsakani, ki zauna a kai mako guda, ki sake ƙarawa har ki kai awa 3.

Maganar bayan gida ita ce ba zan bari ki jira ba. Kin ce an yi miki ɗinki mai yawa. Wani lokaci yagewar kan kai har zoben tsokar dubura, kuma kufcewar iska da ɓacin wando alamarsa ke nan. Ki je asibitin unguwarku a wannan makon, ki faɗa da bakinki ƙarara, ki nemi a tura ki wurin likitar mata. Akwai hoton da ake ɗauka a ga ko zoben ya yage, ana kuma iya gyara shi. Kafin nan kada ki bari ciki ya bushe: miyar kuka da kuɓewa, wake, dabino, ganye, da ruwa. In masan zama ne a gidanku, ki sa ɗan kujera ƙarƙashin ƙafa gwiwa ta fi ƙugu tsawo, ki karkata gaba, ban da nishi. Kada ki sayi maganin tsayar da zawo ko na mafitsara a kemis da kanki, kina shayarwa, kuma wasunsu na busar da baki da ciki.

In kika ga jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi, a gwada fitsarin ranar. In kuwa ciwon baya ya zo da rashin jin taɓi tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi fita sam, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Lambar ma'aikatar lafiya 937 ce.

Fata kuma, ki wanke da ruwa zalla, ki tsane ba gogewa ba, ki shafa man da ke da zinc ko basilin. Ki nemi audugar da aka yi don fitsari, ta al'ada ba ta shanye shi, kuma ki canza da ta jiƙe.

Na san salla ce ta fi cin ranki. A Malikiyya, ɗigar da ta kai rabin lokaci ko fiye ba ta warware alwala, ta jefi-jefi kuwa sai a sake. Malaman nan kan ce ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu, ki yi alwala bayan lokacin kowace salla ya shiga. Ki tambayi malamarku wanda ya dace da halinki, amma kada ki ƙaurace wa Harami saboda wannan.

Ki gaya wa mai gidan, don shi zai kai ki asibiti. Ranar da za ki je ki tafi da takardar kwana ukun da takardar sallamar haihuwa, a ciki ake rubuta irin ɗinkin da aka yi. Ki shafa mini kan yaran. Allah Ya ba ki lafiya.

Mahaifiyarki.