Wasiƙar Godiya Ga Maginan Da Suka Ceto Zanen Yaɓe A Wani Tsohon Gida Na Jidda

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ya gyara gidan da nake gadi a unguwar Mazlum, cikin tsohon birnin Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin 'yan'uwana Hausawa mazauna ƙasar nan su san irin amanar da kuka riƙe, tun da aikin da aka yi shi da tsoron Allah bai kamata a gode masa a ɓoye ba.

Shekarata ashirin da uku ina buɗe ƙofar gidan nan ina rufewa, kuma a idona zanen da ke saman ƙofar ya riƙa zubewa kamar garin tuwo. An gina gidan da dutsen murjani na gaɓar Bahar Maliya, wanda mutanen nan suke kira manƙabi, dutse mai taushi da ke shan danshi da gishiri, shi ya sa magabata suka rufe shi da yaɓen nura, wato farar ƙasar da aka ƙona, domin bango ya riƙa fitar da laimar da ya sha. Wani magini da aka ɗauko a baya ya liƙe tsagar da siminti, danshi ya rasa mafita, gishiri ya ci dutsen ta ciki, har ganyayen da aka sassaƙa a kan bakan ƙofar suka fara ɓanɓarowa.

Ranar da kuka zo na ɗauka za ku kankare komai ku yi sabo, amma sai na ga Mu'allim, babban magininku, ya hau tsani yana ƙwanƙwasa bangon da yatsa, yana saurare, yana sa alama a duk inda ya ji rami. Makonni yaransa suka yi suna cire simintin da ƙananan kurfi, duk ɓallin da ya faɗo a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, a kwantar da shi a kan buhu. Inda zanen ya ɓace gaba ɗaya, Mu'allim ya kwafo shi daga ɗaya gefen, ya yanka shi da wuƙa tun yaɓen yana ɗanye, bai ƙara ko ganye ɗaya daga kansa ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi gidan yana da mai zanensa, shi gyara kawai aka kira shi.

Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, domin mahaifina magini ne daga Zariya, garin shahararren maginin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu, kuma ta Sudan ya biyo ya tsallako teku. Yakan ce mai dagi a bangon soro da mai zanen nura a Jidda sana'arsu ɗaya, dukansu tsere suke yi da bushewar yaɓe.

Tun da UNESCO ta sa tsohon birnin nan cikin kayan tarihin duniya a 2014, baƙi suke tururuwa zuwa gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Gidanmu ba shi da irin wannan suna, babu kuma wanda zai tuhume ku da kun yi masa aikin gaggawa, amma kuka ba shi haƙƙinsa cif. Ban manta ba cewa kwanaki kuka yi kuna yayyafa wa yaɓen ruwa safe da yamma, kuka rataya masa jiƙaƙƙen buhu don kada zafin rana ya tsaga shi.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a hannun Mu'allim da yaransa. Yanzu bayan la'asar, idan rana ta karkato ta gefen roshan, wato tagar katako mai sassaƙa da ke turowa waje daga bango, inuwar kowane ganye takan fito sarai, masu wucewa zuwa masallacin Shafi'i su tsaya su ɗaga kai, ni kuwa in nuna musu inda tsohon hannu ya ƙare da inda naku ya soma.

Wassalam.

Naku,
Mai gadin gidan, unguwar Mazlum, Jidda.