Wasiƙar godiya ga ƙungiyar NALC kan harajin banɗakunan jama'a

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan NALC, ƙungiyar majalisun ƙananan garuruwa da ƙauyuka ta Ingila.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya.

Ni direban tasi ne, kuma ina fama da ciwon suga. Duk mai wannan lalura ya san cewa kafin ya bar gida sai ya lissafa inda zai kewaya a hanya. Shi ya sa na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a.

Da farko ban yarda ba da aka ce mini banɗakin bakin titi na biyan harajin gine-ginen kasuwanci kamar kanti. Wurin da ba ya kawo riba, sai cin ruwa da wuta da albashin mai shara! Ga shi kuma doka ba ta tilasta wa majalisar ƙaramar hukuma ta tanadi banɗaki ba, dama kawai ta ba ta. To da kuɗi suka yi ƙaranci, a nan aka fara sa kwaɗo. Ƙananan majalisun da suka karɓi banɗakunan daga hannun manyan majalisu don kada a rufe su, sai suka gaji har da harajin.

Kun daɗe kuna bibiyar maganar nan ba ku gaji ba. Ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Philip Hammond, ya yi alkawarin cire harajin a kasafin 2018. Ƙudurin farko ya bi ruwa a 2019, aka sake gabatar da shi a 2020, ya zama doka a Afrilun 2021. Yafewar ɗari bisa ɗari ce a Ingila da Wales, kuma aka mayar da lissafinta baya zuwa 1 ga Afrilun 2020. Ba aiki ne da ake yi wa tafi ba, domin kowa na jin nauyin zancen banɗaki, amma kun yi shi. Tsofaffi, masu juna biyu, naƙasassu da irinmu masu yini a kan titi mun amfana.

Saura abu ɗaya. Dokar ta shafi ginin da banɗaki ne kacokan ko mafi yawansa, ba wanda ke cikin laburare ko zauren taro ba. Don Allah ku taimaka ku sake ɗaga wannan maganar.

Allah Ya saka da alheri.

Naku,
Wani direban tasi a Ingila