Awa biyu a sama, kwana uku a ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agadas, ina saro dabino da kantun gishiri daga yankin Kawar, ƙanena kuma yana zaune a Dirku da iyalinsa. Na ji wani baƙonku a shirin sufuri yana cewa jirgin sama ya naɗe ƙasa, yanzu babu wuri mai nisa. Wannan magana ce ta sa na rubuto muku.

Gaskiya ne, daga Agadas zuwa Dirku ta sama kilomita 560 ne ko kusa da haka. Ƙaramin jirgi mai farfela da ke cin kilomita 300 da 'yan kai a awa, in ya tashi daga filin Mano Dayak da hantsi, kafin azahar ya daɗe da sauka. Awa biyu ke nan. Amma wa ke shiga jirgin? Sojoji, manyan ma'aikata, da ma'aikatan agaji masu jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu sauran jama'a hanyarmu ita ce Tenere: fiye da kilomita 600, babu kwalta, sai sawun tayar wanda ya riga ka, shi ma iska kan shafe shi. A Hilux kwana biyu ne ko uku, in ba ta kafe a rairayi ba. Babbar mota kuwa sai yadda Allah ya yi. Ga jiran ayari da rakiyar sojoji, don ba a ratsa wannan hamada a mota ɗaya sai mai kasada. A 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe a kan wannan hanya bayan motarsu ta lalace, har da mata da jarirai.

Bara naƙuda ta yi wa matar ƙanena gardama, aka ce sai an kai ta babban asibiti a yi mata tiyata. A bayan mota aka shimfiɗa mata katifa tsakanin jarkokin ruwa da na mai. Ta iso Agadas da sauran numfashi, Allah ya tashi kafaɗunta, amma jaririn bai zo da rai ba. Har yau in na ji ƙarar jirgi ya nufi gabas, awa biyun nan nake tunawa.

Filin sauka yana nan a Dirku, ba sabo za a gina ba, kuma daga can zuwa Bilma tafiyar ɗan lokaci ce. Ina roƙon hukumomi su sa jirgi ko da sau ɗaya a mako, a ware wa marasa lafiya da masu juna biyu kujeru, gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin tikiti. Ku kuma, Malam Edita, don Allah ku gayyato masu kula da sufurin sama cikin shirinku, ku buɗe layi mutanen Dirku, Bilma da Fachi su yi musu tambaya da bakinsu.

Naku mai sauraro,
daga Agadas