An kai ƙarata Kano wai na hana iyalina ɗumi

Assalamu alaikum Anti,

Ina yi miki fatan alheri, ke da masu bibiyar wannan fili. Ki yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse, raina ne a ɓace. Daga Bradford nake rubuto miki, a arewacin Ingila, inda nake zaune da iyalina. Yayana ne ya kira ni daga gida yana faɗa, wai surukata ta tura masa saƙon murya tana kuka, cewa na kulle wa 'yarta da jikokinta wuta, suna kwana cikin sanyi. Yaya bai tsaya jin ta bakina ba, sai cewa ya yi in ji tsoron Allah. Alhali sana'ata ke nan a garin nan, ina bin injiniyan gas gida-gida muna gyara wa mutane boila. Ni ne yau ake yi wa kallon marowaci.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don na san a gida ba a san shi ba. Boila ce guda a kicin take ƙona gas, ta dafa ruwa, famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa radiyeta, wato ƙarfen da ke ɗumama kowane ɗaki. Akwai tamostat a falo, shi ke auna zafin gidan, idan ya kai inda aka saita masa sai ya kashe boilar. Na saita namu haka: daga biyar da rabi na asuba zuwa takwas digiri 20, saboda alwala da shirin makaranta. Daga takwas zuwa uku da rabi digiri 16. Daga nan zuwa tara da rabi na dare ya koma 20, domin a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a nan. Cikin dare 15, kowa yana cikin bargo. Ina kashewar take a nan, Anti? Ban taɓa kashe shi gaba ɗaya ba, ba kuma zan yi ba. Gidan tsohon ginin dutse ne, idan bango ya yi sanyi raɓa take kama shi, daga nan baƙin funfuna ya fito bayan kwaba da jikin taga. Duk wanda ke yankin nan ya san labarin yaron nan Awaab Ishak ɗan shekara 2 da ya rasu a Rochdale a 2020 saboda funfunan gidansu. Ban jahilci wannan ba.

Ruwan boilar na sauke shi zuwa digiri 60, saboda irin tamu ta fi tattalin gas idan ruwan da ke dawo mata bai yi zafi sosai ba. Radiyeta takan ɗan jima kafin ta ɗauka, amma tana ɗauka. Kafin sanyi ya shigo na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan mabuɗi na fitar da iskar da ke hana samansu yin zafi, na ƙara ruwa har allurar da ke nuna matsin ruwan boilar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Na liƙa soso a bakin ƙofofi. Duk wannan ba a kai shi Kano ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tushen komai. Kamfanin gas da lantarki yana ƙiyasta abin da za mu sha a shekara, ya raba gida 12, yana cirewa daga asusun banki duk wata. Da bazara muna biyan fiye da abin da muke sha, rarar ta taru, ita ce ke ɗaukar mu daga Nuwamba zuwa Maris. Hukumar Ofgem, mai kula da harkar gas da lantarki a nan, tana sake iyakar farashi duk wata uku. Yunit na gas wajen kwabo 6 ne zuwa 7, na lantarki wajen kwabo 25, wato ninki huɗu, kuma kwabo ɗari ne fam guda. Bayan wannan akwai kuɗin tsayuwar mita na kullum, gas da lantarki a haɗe kusan kwabo 90, ko an kunna ko ba a kunna ba. Takardar zamanmu ba ta ba mu damar karɓar tallafin gwamnati, don haka fam 25 ɗin nan da ake ba wasu idan sanyi ya sauka sifili har kwana 7 ba mu cikinta. Fam 160 nake biya a wata, kuma da rara mai kyau muka shiga Oktoba.

Na manta ban gaya miki ba, ƙanin matata yana gidan. Ya zo karatun digiri na biyu, aka ce ya ɗan sauka wajenmu kafin ya sami ɗaki, shiru kike ji. Ɗakin sama na ba shi, akwai radiyeta a ciki, lafiyarta ƙalau. Ashe yaron nan ya sayo hita ta lantarki mai fanka, mai kilowat 2, yana kwana da ita a kunne, da singileti a jikinsa. Yi lissafi da kanki: awa 8 yunit 16 ne, kusan fam 4 a dare guda, fam 120 a wata, a ɗaki ɗaya, don mutum ɗaya. Ta ɗan allon mita da ke kicin na gane, na ga lantarki yana gudu ƙarfe uku na dare kowa yana barci. Rarar da na tara ta ƙare, bashi ya hau, kamfani ya rubuto cewa cirewar wata ta koma fam 245. Ko sisi bai taɓa miƙo min ba, kuma ya fi kowa daɗewa a wanka, ruwan zafin ma daga boilar nan yake fitowa. Da na yi magana sai ya ce ai bai saba da sanyi ba. Wa ya saba?

Ita kuma uwargida, Allah ya sani ina ganin ƙoƙarinta, amma ba ta jin bayani. Da ta ji sanyi sai ta murɗa tamostat zuwa 30, wai don gidan ya yi saurin ɗumi. Na ce mata ba murhu ba ne da za a ƙara itace wuta ta ƙara ci, gudunsa ɗaya ne, bambancin kawai ba zai tsaya ba sai gidan ya yi zafin da za ta buɗe taga. Kuma tana buɗewa. Tana shanya jiƙaƙƙun kaya a kan radiyeta, zafin ya tsaya a kayan, danshin ya koma bango. Ta jawo doguwar kujera ta tare ta falo. Kan kowace radiyeta akwai abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 5, lamba 3 ta isa ɗaki, ita duk ta kai su 5 har ta ɗakin ajiya. Wanda ya fi tayar min da hankali, na tarar ta kunna kawunan murhun girki huɗu ba tukunya a kai, ga kuma gawayi a kasko wai na turaren wuta, taga a rufe. Anti, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki ba ya wari ba ya launi, barci mutum zai yi ya zarce. Ko a gida ana rasa mutane ta haka lokacin hunturu.

Shi ya sa na sa wa tamostat ɗin lambar sirri, daga wayata kawai ake canza shi. Hitar kuma na cire fis ɗinta na ajiye. Wannan ne suke kira kulle wuta. Ta ce ita ce ke wuni a gida da jaririya a digiri 16 ni ina cikin gidajen mutane masu ɗumi, ta ce har likitoci sun ce kada gida ya gaza 18. To haka suke faɗa, amma ɗakin barcin jariri 16 zuwa 20 ake so, kuma na sayo mata rigunan sanyi masu kauri da safa. Idan ta kira ni a waya ina ƙara mata, sai dai in ina ƙarƙashin boilar wani ban ji ba. A da ba ta taɓa yi min irin wannan maganar ba sai da ƙaninta ya zo. Ina da yaƙinin shi ya ɗauki hoton tamostat ya tura wa mahaifiyarsu, domin Yaya ya ambaci lamba 15, kuma cikin dare ne kawai take nuna haka. Wa ke yawo a gidan cikin dare?

Abin da na so tambaya da farko shi ne yadda ake raba irin wannan kuɗi da baƙon da yake suruki, ba tare da an ce na ci fuskar gidansu ba. Na yi tunanin in ce ya riƙa ba da fam 85 ɗin da aka ƙara, tunda yana ɗan aiki a ƙarshen mako. Amma yanzu ba ma kuɗin ne ke ci min rai ba. Ta yaya sirrin gidana ya isa Kano kafin a zauna da ni? Tun da abin ya faru gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita, ta kwashe yaran sun koma ɗaki ɗaya. Shin in kira Hajiya surukata da kaina in karanta mata takardar kamfani, ko hakan zai zama rashin kunya? Idan na ba yaron wa'adi ya nemi ɗaki, za a ce na kori ɗan mutane cikin hunturu. Idan na cire lambar sirrin yanzu kuma, za su ɗauka ƙarar ce ta yi aiki, gobe ma haka za a yi min. Watan Janairu da Fabrairu ne suka fi kowane wata cin gas, ga su nan tafe, bashin kuma yana nan.

Don Allah ki ba ni shawara, kuma a sakaya sunana, mutanen garinmu suna da yawa a nan.

Wassalam,
Wani magidanci daga Bradford