Wasan fatauci a sararin samaniya, kyauta kuma

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Ni mai gyaran waya ne a Garwa, kullum yara na zuwa shagona wai in sa musu gem, yawanci na ƙwallo ko na harbe-harbe masu cinye data. Shi ya sa nake so in ja hankalin matasa kan wasannin kwamfuta da masu su suka saki kyauta har da rubutun manhajar, kowa na iya dubawa ya gyara, kamar Oolite da Endless Sky da Naev.

Oolite ya samo asali ne daga wani tsohon wasa mai suna Elite na 1984. Za ka fara a tashar Lave da jirgi Cobra Mk III da kuɗi 100 kacal, ka sari kaya inda suke da araha ka kai inda suke tsada, 'yan fashi na tare hanya, wallahi sak fataucin albasa zuwa kudu. Shiga tashar ma aiki ne don juyawa take yi, sau nawa na daki bango jirgin ya tarwatse, ƙanena yana gefe yana min dariya. Endless Sky kuwa da bashin banki ake farawa, kullum ana cire maka.

Tsohuwar kwamfuta ma na ɗauka, in ka sauke ba ruwanka da intanet, sai dai in an ɗauke wuta. Matsalar dai Turanci, mu nan Faransanci muka yi a lakwal. Ina 'yan jami'ar Ngaundere da Marwa? Ku mayar mana da ko ɗaya zuwa Hausa mana.

Naku,
Mai gyaran waya, Garwa, Kamaru