Wasiƙa zuwa Kumasi: maganar aikin da za a yi maka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya mutanen zango? Ya ƙarfin jiki kuma, Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari saƙonka jiya da daddare, ka ce likita ya ga tsakuwa a matsarmama dole a cire matsarmamar, kuma ya ba ka zaɓi ko a tsaga cikin ko a yi na huji da kyamara, kai kuma zuciyarka ta fi kwanciya da tsagawar tunda ta fi araha. To ni dai da nake aiki a ɗakin tiyata wallahi ban gamsu da lissafin nan naka ba.

Kuɗin da ke jikin rasit kawai ka duba. Na hujin nan ƙofa uku ko huɗu ake yi, kowace ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba, a hura iska cikin ya ɗaga, a zura kyamara likita na kallon allo yana aiki, yawanci ranar ko washegari an sallame ka, sati biyu ka koma harkarka. In tsagawa aka yi kuwa sai ka yi kwana uku zuwa biyar a gado, sannan kusan sati shida kana lallaɓa jiki ba ɗaukar nauyi, tari ma sai ka dafe wurin. Kai fa tela ne, ranar da ba ka hau keke ba babu ko sisi, ga kuɗin gado, ga maganin ciwo, ga zuwa wankin ciwo, ga Maman yara za ta rufe sana'arta ta zauna jinya, ga kuɗin mota kullum ana kai abinci, duk waɗannan ba wanda zai rubuta maka su a takarda amma daga aljihunka za su fita. Kuma babban ɗinki ya fi saurin yin ruwa, wani ma daga baya ƙaba ta ɓullo a wurin a sake komawa tiyata.

Maganar da ka yi wai sabon abu ne kar a yi gwaji da kai, haba. Tun 1985 wani likita a Jamus, Erich Mühe, ya cire matsarmama ta wannan hanyar, yanzu a yawancin duniya ita ake fara zaɓa. Tsadar kuma daga injinan ne da kayan da ake shigowa da su daga waje.

Amma fa tsakani da Allah komai ya dogara da hannun mai aikin. Ka tambayi likitan kai tsaye ko yana yin irinsa a kai a kai, ba rashin kunya ba ne, cikinka ne. Ka sani kuma wani lokacin ana cikin aiki sai a ga kumburi ya yi yawa a koma tsagawa, don haka ka ji nawa za su caje ka in hakan ta faru. Za ka iya jin ciwon kafaɗa kwana ɗaya ko biyu, iskar ce, kar ka tsorata. In ba ƙwararre a kusa to a tsaga ɗin, ya fi a bar tsakuwar ta toshe hanya idonka ya yi ɗorawa.

Ka bincika ko katin inshorarka zai ɗauki wani abu, sauran cikon ka faɗa min nawa ne, ni da su Yaya za mu haɗa abin da ya sawwaƙa, dan Allah kar ka ji nauyi. Turo min hoton sikanin ta WhatsApp in nuna wa likitanmu.

A gaida Hajiya da kyau da kyau, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
abokinka daga Kano