Wasiƙa Daga Jidda: Mai Karatu Ma Yana Da Hannu A Rubutun

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne dangane da shirin da kuka gabatar a kan littattafan batsa da suka cika wayoyin jama'a, musamman waɗanda aka gina a kan cin amanar aure da zaman gidan da ya ƙi daɗi. Na saurari shirin har ƙarshensa, kuma na yaba da yadda kuka taɓo batun da mutane da yawa ke jin nauyin ambata. Sai dai baƙin da kuka gayyata duk kan marubuta suka tare, wannan ya ce a kama su, wancan ya ce a yi musu nasiha, babu wanda ya tsaya a kan masu karatu, alhali a yadda ake rubuta irin waɗannan littattafai a yau, mai karatu yana cikin aikin tun daga shafin farko har na ƙarshe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A shekarun 1980 da 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuci yakan kammala littafinsa ne ya kai maɗaba'a, a buga a kai kasuwa, mai karatu ya saya ko ya bari, ba shi da ta cewa a kan yadda labari zai ƙare. Littafi kuma abu ne da ake riƙewa a hannu, shi ya sa hukuma ta iya sa masa ido. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ko mutum ya goyi bayan wannan mataki ko bai goya ba, a lokacin dai akwai abin ƙonawa. Yanzu marubuciya a wayarta take buga shafi ɗaya ko biyu, ta saka a zauren WhatsApp ko Telegram ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad, ta koma ta jira sharhi, kuma abin da aka faɗa a sharhin nan shi ke nuna mata inda za ta ja akalar labarin washegari. Shafukan farko kyauta ne. Daidai inda labari ya ɗau zafi sai a rufe, a ajiye lambar asusun banki, a ƙara da cewa duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ba a yafe mata ba. Wanda yake biya kuwa yana da baki, kuma yana amfani da shi.

Mu Hausawan da ke zaune a Saudiyya ba a bar mu a baya ba a wannan ciniki. Kuɗin da ake nema bai taka kara ya karya ba ga wadda ke karɓar albashinta da riyal, sannan ga masu karanta littattafan da murya suna ɗorawa a YouTube, ta wannan hanya ce labaran suka isa kunnen 'ya'yanmu haifaffun Makka da Madina da Jidda, waɗanda suke jin Hausa sarai amma karatunsu na Larabci ne, ba su saba da rubutun boko ba.

Sana'ata ɗinkin kayan mata ce a cikin gida, saboda haka ina jin hirar mata fiye da yadda nake nema. Ana shirin wani biki, wata matashiya mai aikatau a gidan Larabawa ta zo karɓar ɗinkinta ranar hutunta, ta zauna a gefen keke tana jira in gama kalmasa, abin sauraro ɗaya a kunnenta, ɗayan yana reto a kan mayafinta. Can sai ta ja tsaki, ta tsayar da karatun, ta fara aika saƙon murya zuwa zauren marubuciyar, tana cewa haƙurin matar cikin labarin ya isa haka, tunda mijin ya ci amanarta da aminiyarta a cikin ɗakinta, to a bar ta ita ma ta rama, in ba haka ba ita kam ta daina biya. Wata dattijuwa da ke jiran a ɗauki awonta ta yi salati ta ce, “'Yar nan, ki ji tsoron Allah, zina kike roƙo a rubuta miki?” Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, “Hajiya, ai labari ne.” Da na kira dattijuwar na ɗora mata abin awo a kafaɗa, sai ta waiwaya ta tambayi yarinyar ƙasa-ƙasa ko asirin aminiyar ya tonu daga baya. Ban kawo wannan don in yi wa ɗayansu dariya ba. Na kawo shi ne don a ga cewa marubuciyar da ke can Najeriya ta karɓi umarni daga Jidda a ranar nan, kuma wadda ta yi faɗa ma labarin ya riga ya kama ta.

Abin da ya fi damuna a cikin sharhin masu karatu shi ne ma'aunin da suke auna laifi da shi. Idan miji ne ya ci amana a labari, sai ka ji da yawansu sun koma kan matar gida, ana cewa ƙazama ce, ba ta iya kwalliya ba, ta tsaya hidimar 'ya'ya ta saki miji, kuma dama namiji ba ɗan goyo ba ne. Ba banza ba masu sayar da kayan mata suke cusa tallarsu a tsakiyar shafukan, domin sun san irin tsoron da labarin ya bari a zuciyar mai karatu. Idan kuwa matar ce ta fita, sai a rabu gida biyu, masu tsine mata har da iyayen da suka haife ta, da masu guɗa suna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Da wuya ka ji wanda ya ce zina sunanta zina ko wa ya aikata, alhali aya ta 2 ta Suratun Nur ta ambaci mace da namiji a hukunci guda. Haka nan da wuya ka ji wadda ta tambayi dalilin da ya hana matar neman a tayar da mai sulhu daga danginta da mai sulhu daga dangin mijin, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, ko ta nemi khul'i idan zama ya gagara. Marubuciya ta sani sarai cewa shafin da aka tara iyaye aka yi sulhu ba ya jawo sharhi, shi ya sa take tsallake shi.

Hujjar da masu karatu suka fi kawowa ita ce faɗakarwa. Sukan ce abin da ke faruwa ne a gidaje, akwai darasi a ciki, kuma ai a ƙarshe mai laifi yana ganin sakayya. Gaskiya ne abin yana faruwa, ban musa ba. Amma Suratu Yusuf ta ba da labarin matar aure da ta nemi wanda ba mijinta ba, ta ambaci rufe ƙofofi, ta ambaci rigar da aka yage ta baya, ta ambaci gulmar matan birni, kuma ana karanta ta a cikin salla yara suna sahu ba tare da wani uba ya sunkuyar da kai ba. Ashe ke nan ana iya ba da labarin cin amana ba tare da an shigar da mai karatu cikin ɗakin kwana ba. Littafin da ya kwashe shafuka masu yawa yana siffanta jiki gaɓa-gaɓa, sannan ya kawo cuta ko hatsarin mota a shafi biyun ƙarshe, kowa ya san wane ɓangarensa ake saye. Masu karatun da kansu suke tona wannan, domin ranar da shafi ya zo babu shimfiɗa a cikinsa, ƙorafi ake yi cewa na yau ya yi lami. Rubuta “na matan aure ne kawai” a saman littafi kuwa bai taɓa hana budurwa buɗewa ba, sai ma ya ƙara mata kwaɗayi.

Masu tsinuwa su ma akwai abin da ya kamata su duba. Na sha ganin wanda ya ɗauki hoton shafi mafi muni ya tura wa jama'a yana cewa ku ga abin da ake rubutawa, har da sunan littafin da na marubuciyar a jiki. Wannan talla ce ta kyauta, kuma aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani a kan yaɗa alfasha cikin muminai.

Duk da haka, Malam Edita, zai zama rashin adalci a tsaya a kan zargi kawai, domin idan ka bi sharhin nan zuwa ƙasa, za ka tarar an bar maganar mutanen cikin labari an koma ta kai. Wannan tana cewa mijinta ya yi sabon aure da kuɗin da take turawa don a yi gini, waccan tana cewa nata ya bar ta ita ba sakakkiya ba ita ba mai miji ba, wata kuma suna gida ɗaya amma magana ba ta haɗa su sai ta cefane. Auren nesa shi ne ciwon da ya fi yawa a tsakaninmu. Wadda fasfo ɗinta ke hannun kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ba ta zuwa gida yadda take so, wadda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa ta san in ta fita da wuya ta dawo, kuma tsoron jawazat, wato jami'an shige da fice, ba zai bar ta ta kai ƙara kotu ba. Malamai sun kawo cewa Sayyadina Umar ya ji wata mata cikin dare tana rera baitocin kewar mijinta da ke wurin yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya jure rashin miji, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adin dawowa gida. Mu kuwa mun mayar da maganar abin kunya, har ta rasa wurin fita sai a ƙarƙashin labarin batsa.

Maza ma suna karantawa, sai dai ba su cika yin sharhi a fili ba. Direban gida da ke kwana shi kaɗai a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar maigidansa, iyalinsa suna Kano ko Damagaram, idan ya kwana yana sauraron labarin matar matafiyi da ke shigo da wani, da zargi yake tashi. Daga nan sai kiran waya a tsakar dare, sai a ce ta kunna bidiyo ta zagaya ɗakin a gani, sai tambayar dalilin da ya sa aka gan ta a kan layi a lokacin da ya kamata ta yi barci. Na san auren da wannan ya girgiza ba tare da matar ta aikata komai ba. Mafi muni shi ne idan masu karatu suka fara laƙa wa mutanen gaske labarin, ana raɗa cewa ai wance ake nufi, sun manta cewa shari'a ta nemi shaidu 4, ta kuma yanke wa mai ƙazafi bulala 80.

A da, a unguwanninmu na Jidda irin su Sabil da Kandara da Gulail, matar da ke cikin damuwa tana da dattijuwar da za ta shiga wa gida ta yi kuka, a kira mijin a ja masa kunne. Rusau ɗin waɗannan unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021, ya ci gaba cikin 2022, ya watsa maƙwabtan da suka shekara da shekaru tare, wasu suka koma bayan gari, wasu Makka, wasu gida. A ganina wannan watsewa tana cikin abubuwan da suka tura mata da yawa ga waya, inda mai ba su shawara baƙuwa ce da ba ta san su ba, ba ta kuma da abin da za ta yi hasara idan aurensu ya mutu.

Akwai kuma batun doka, wanda baƙinku ba su taɓo ba saboda daga Najeriya suke magana. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi a sashe na 6 ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya shirya ko ya aika ko ya adana abin da ya saɓa wa tarbiyyar jama'a ta intanet ko na'ura. Adanawa da turawa kuwa su ne aikin mai karatu na kullum. Shawarar nan da ake yawan ba wa juna a sharhi, ta cewa ki lallaɓa ki binciki wayarsa, ita ma a ƙasar nan tana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar riyal dubu 500. Baƙo kuma, bayan hukunci, sau da yawa tarhil, wato tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa, ke biyo baya.

Roƙona gare ku shi ne ku sake ware shiri guda a kan wannan batu, amma a wannan karon masu karatu za ku bai wa dama. Ku karɓi saƙon murya saboda waɗanda ba sa rubutun boko, ku sakaya sunaye, ku bar ƙofar aikowa a buɗe har dare domin mai aikatau ba ta samun sukunin riƙe waya da rana. Ku gayyato malami ko malama da za su yi bayanin auren nesa da haƙƙin shimfiɗa da hanyoyin rabuwa na shari'a da harshen fiƙihu, ba tare da kauce-kauce ba. Idan kuma kun samu marubuciyar irin waɗannan littattafai da ta yarda ta shigo shirin, ku tambaye ta wane shafi ne ya fi kawo mata kuɗi, da kuma sau nawa ta sauya labari saboda masu biya sun matsa mata.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
daga Jidda, Saudiyya.